Muhtari Maharbi da Harsashin Ciko

Muhtari mijin yayata Yalwa ne, saboda haka na san shi ciki da waje. Mutumin Katuru ne ta ƙasar Shinkafi. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da ɗan wake a tsakani. Amma da zarar an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai ka neme shi a gida ka rasa, ya shiga daji. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Kunnensa na dama ya yi nauyi saboda ƙarar bindiga, shi ya sa idan kana yi masa magana sai ya juyo maka na hagu.

Ubansa ma maharbi ne, amma da bindigar toka ya yi zamaninsa, irin wadda ake ɗura wa alburushi ta baki. Ita Muhtari ya gada, da ita ya yi ta fama har shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato. A shekarar ne wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, da zai koma garinsu, ya sayar masa da bindiga mai baki biyu. Ya bi hanya aka yi masa lasisi. Ranar da ya kawo ta gida, Yalwa ta ce har tsakar ɗaki ya kwantar da ita a kan tabarma yana kallo, tuwonsa ya huce bai sani ba.

Wanda bai san harbi ba yana zaton duk harsashi ɗaya ne. Wurin Muhtari iri biyu ne, kuma shi ya raɗa musu suna. Akwai mai ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa, wanda yake kira gero. Shi idan ya fita watsuwa yake yi, na zabi ne da fakara da tsuntsayen fadama. Akwai kuma mai manyan ƙwayoyi 'yan kaɗan masu nauyi, wanda yake kira gujiya, na barewa da gada. Ya sha gaya mini cewa idan ka harbi zabo da gujiya, ko dai ƙwayoyin su wuce ta gefensa, ko su yi kaca-kaca da shi ka rasa abin yankawa. Idan kuma ka harbi barewa da gero daga nesa, rauni kawai za ka yi mata. Za ta gudu da dalma a jikinta ta je ta mutu a wani kurmi, ta zama mushe, ka ɗauki alhakinta kuma ba ka ci nama ba. Don haka kullum zai shiga daji, bakin dama gero yake sa masa, bakin hagu gujiya. Kunamar gaba ta dama ce, ta baya ta hagu.

Ni a lokacin kabu-kabu nake yi da babur tsakanin Shinkafi da ƙauyuka, ni nake kai shi duk inda za shi.

Abin da ya same shi ya faru ne da rani, a farkon shekarar da aka fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar. Yalwa tana jego, bakinta ya ƙi komai sai romon zabon daji. Shi kuma ya ga sawun barewa a wata fadama can dajin da ke tsakaninmu da Zurmi, wurin da zabi ma suke sauka shan ruwa. Da ya duba burgaminsa ya tarar babu harsashi ko ɗaya. Na goya shi muka tafi Ƙaura, shagon Alhaji Abbati.

Alhaji Abbati kayan keke yake sayarwa a gaban shago. Harsashi yana can ciki a wani akwatin ƙarfe, sai wanda ya sani kuma yake da lasisi. Muka gaisa, ya buɗe akwatin, ya girgiza kai.

"Na kamfani sun ƙare, Muhtari. Gujiya kaɗai ta rage, ita ma 'yar kaɗan. Masu kawo muna sun ce ba su iya hanya yanzu, kowane shinge sai an zazzage musu kaya."

"To gero hwa, Alhaji?"

"Sai dai na ciko."

Harsashin ciko shi ne wanda ake tsintar kwanson da aka riga aka harba, wani ya sake zuba masa alburushi da dalmar da ya narka da kansa, ya toshe bakin da kakin zuma. Rubutun da ke jikin kwanson ba shi da alaƙa da abin da ke ciki. Muhtari bai taɓa son su ba. Na zaci zai ce mu tafi. Sai ya ce a zubo ya gani.

Alhaji ya juye su a kan benci. Muhtari ya tsuguna yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, ya kai kunnen hagu ya girgiza. Gero idan ka girgiza shi za ka ji kamar yashi a gwangwani, gujiya kuwa ƙwanƙwasa take yi. Wasu ya ture su gefe don sun kumbura, wasu don kakin ya tsage. 'Yan kaɗan ne suka yi masa. Sai ya zo kan wani mai koren kwanso. Ya girgiza, ya sake girgizawa.

"Wanga bai motsi, Alhaji."

"An danna shi ne da kyau. Gero ne. Duk hannu guda ya cika su."

Muhtari ya auna shi a tafin hannu, ya ajiye, ya dubi 'yan waɗanda ya ware, ya sake ɗauka. Daga ƙarshe ya jefa shi a burgami tare da sauran, ya ɗauki gujiya ta kamfani, muka yi sallama.

Washegari bayan sallar asuba na kai shi bakin dajin, wurin wata tsamiya da hanyar babur ta ƙare. Muka yi da shi zan dawo in jira shi a nan kafin azahar. Abin da ya faru a ciki, daga bakinsa na ji shi, wani a lokacin, wani sai bayan shekaru.

Ya ce da ya shiga, ya sa gujiya a hagu kamar kullum. A dama kuma ya sa mai koren kwanson nan, da nufin ya fara da shi ya huta da tunaninsa. Ya bi sawun barewa har rana ta ɗaga, sawun ya hau wani fako ya ɓace. Ya juyo ya nufi fadama. Yana gangarawa ya ji kukan zabi. Ya duƙa, ya rarrafa ta bayan wata geza, ya hango su garke guda suna kiwo a gindin wani kurmin sabara mai duhu. Ya yi bisimilla, ya saita ƙasa-ƙasa, ya ja kunamar gaba.

Bindigar ta buge shi a kafaɗa fiye da yadda gero ya saba. Zabin suka tashi gaba ɗaya, ko gashi bai faɗo ba. Ya ga wani reshen sabara mai kaurin babban yatsa ya karye ya rataye. Gero ba ya yin haka. Kafin ya gama wannan tunani, wata saniya ta yi tsalle daga bayan kurmin. Sannan ya ji nishi. Ya so ya yarda barewa ce. Sai nishin ya zama salati.

Ya kutsa cikin sabarar, rassa suna dukan fuskarsa. A bayan kurmin ya tarar da wani Bafillace magidanci, kwance a gefe guda, ya dafe cinya da hannu biyu. Kusa da shi ga ɗan maraƙi sabon haihuwa, jikinsa bai ma bushe ba. Ashe saniyarsa ce naƙuda ta kama, ya tsuguna yana taimakonta. Jini yana fita ta tsakanin yatsunsa yana jiƙa ƙasa.

Babu kowa a wurin. Muhtari ya ce mini zuciyarsa ta raya masa cewa mutumin bai ma ga fuskarsa da kyau ba, kuma ya san hanyar da zai bi ya fita daji ba wanda ya gan shi. Ya ce ƙafafunsa har sun juya. Sai mutumin ya ɗago ido.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Mi na yi maka?"

"Ba ka yi mani komi ba, bawan Allah. Zabi na harba."

Ya ajiye bindigar a ƙasa, ya kwance rawaninsa, ya durƙusa. Ramuka uku ne a cinya, ɗaya can sama kusa da ƙugu. Ya ɗaure saman cinyar da rawanin, ya sa itace ya murɗa har jinin ya rage. Na saman kuma babu yadda za a ɗaure shi, sai ya dunƙule hularsa ya danna a kai da ƙarfinsa. Ya tambayi sunansa, ya ce Lado.

Yana cikin haka ya ji gudu. Ƙanen Lado ne, Tambari, wanda yake kiwo da sauran shanun ba nisa, ƙarar bindiga ta jawo shi. Dogo ne siriri, da sanda a hannu da takobi a rataye. Ya dubi yayansa, ya dubi jinin, ya dubi Muhtari. Ya yar da sandar, ya sunkuya ya ɗauki bindigar.

Hannayen Muhtari biyu duk suna kan raunin. Ya ɗaga kai ya ga bakunan bindigarsa biyu suna kallonsa, kusa har yana jin warin alburushin da ya harba. Ya san dama babu komai a cikinta. Ya kuma san abin da ke hagu, domin shi ya zaɓe shi, kuma na kamfani ne, ba ya ƙin tashi.

Tambari ya ja kunamar gaba. Ba abin da ya faru. Ya sake ja da ƙarfi. Sai ya karkata bindigar ya duba, ya ga ashe kunama biyu ce. Muhtari yana kallo yatsan ya zame ya koma ta baya.

Ya ce bai saki raunin ba don ya rasa abin da zai yi da hannayensa in ya saki. Kalmar shahada kawai yake maimaitawa a zuci.

Lado ne ya daka wa ƙanensa tsawa da Fillanci, da wata murya da ba a zaci ta saura a jikinsa ba. Ya maimaita. Sannan ya juya Hausa, yana haki.

"In ka kashe shi, kai kaɗai ka iya ɗaukata har bakin hanya?"

Bindigar ta daɗe a sama kafin ta sauka. Tambari bai mayar da ita ba, ya rataya ta a kafaɗarsa.

Ni ina gindin tsamiya ina jira, sai na hango mutum biyu ɗauke da na uku. Rigar Muhtari ta rine tun daga ƙirji har gwiwa, na ɗauka shi aka harba.

"Yaya, mi ya hwaru?"

"Ta da mashin, Abdulrashid. Shinkahi."

Muka sa Lado a tsakiya, Muhtari a baya ya rungume shi, hannu ɗaya a kan raunin. Tambari ya ce zai mayar da shanu ruga ya biyo mu. Hanyar yashi ce, babur ɗauke da mutum uku sai tangaɗi yake yi, kowane rami na faɗa sai in ji nishin Lado a wuyana. Can sai na daina jin nishin, kansa ya yi nauyi a bayana. Na ce, "Yaya, ya yi shiru." Muhtari ya fara yi masa magana a kunne, shi da ba ya son zance. Yana tambayarsa ɗan maraƙin nan mace ne ko namiji, uwar haihuwarta ta nawa ke nan, ina suka yi damina. Lado yana amsawa da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya. Idan ya yi jinkiri sai Muhtari ya girgiza shi ya sake tambaya.

A Shinkafi suka tsayar da jinin, suka ce aikin na tiyata ne, a wuce da shi Ƙaura. Muka sami mota. Da aka shiga da shi ɗakin tiyata, Muhtari ya wanke hannu a famfo, ya yi sallolin da suka kuɓuce masa da rigar da na ara masa, sannan ya ce in raka shi caji ofis. Da ƙafarsa ya je ya faɗi abin da ya yi. Da yake wurin da abin ya faru a ƙasar Zurmi yake, can aka mayar da shi aka tsare.

Ni na koma asibiti. Likitan ya fito da wani ɗan kwano ya nuna mini abin da ya ciro. Ba dalma ba ce ma. Ƙwayoyin boris ne na ƙarfe, irin na gindin keke, da ɗan tsumman da aka cusa a tsakaninsu, wanda shi ya hana su motsi a kunnen Muhtari. Ya ce biyu ya samu. Na ukun ya shige kusa da babbar jijiya, taɓa shi ya fi barinsa haɗari. Ya ce sauran sai addu'a, domin tsumman ya shiga da datti.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin irinsu ba. Shari'a sabuwa ce, kowa yana da abin faɗi a kanta, kaɗan ne suka san yadda take. A tasha na ji wani yana rantsuwa cewa ƙafar Muhtari za a yanke. Wani ya ce a'a, hannun da ya ja kunama. Wani ya ce in Bafillacen ya mutu, danginsa za a miƙa wa shi. Duk wannan yana komawa kunnen Yalwa, har nononta ya ɗauke, sai da aka nemi madarar akuya ga jaririya. A asibiti kuma cinyar Lado ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, yana ta sambatu. Matarsa Asta tana zaune a ƙasa gefen gado tana yi masa fifita. Tambari yana tsaye a bakin ƙofa, duk lokacin da na zo gaisuwa sai ya kalle ni ya kau da kai.

Yayan Muhtari, Malam Ladan, yana koyarwa a wata Islamiyya a Shinkafi. Na goya shi zuwa Zurmi. Aka fito da Muhtari, ya rame, idanunsa sun faɗa. Abin da ya fara tambaya shi ne jikin Lado.

"Shina nan, da sauran zazzaɓi," in ji Malam Ladan. "Ka saurara, Muhtari. Bar jin zancen tasha. Ƙisasi na wanda ya yi da gangan ne. Kuskure hukuncinai daban, diyya ce. In Allah ya tashe shi, ta rauni. In kuma ta Allah ta kasance, ta rai, kuma mu danginka duka muna ciki."

"Wasu nan ciki sun ce in ce ban san komi ba game da harsashin. In ce gero anka sai mani, gero na sani."

Malam Ladan ya ce, "To hakanan ne?"

"Alhaji ya ce gero ne. Amma kunnena bai yarda ba."

Na ga Malam Ladan yana son ya ce wani abu ya fasa. Daga baya ya ce, "Abin da anka tambaye ka, shi za ka amsa. Allah shi kawo muna sauƙi."

Sauƙin ya zo. Wata safiya na shiga asibiti na tarar da Lado zaune, an jingina shi da bango, Asta tana ba shi kunu. Ban san lokacin da na juya na koma kan babur ba, ban tsaya ba sai Zurmi. Da na gaya wa Muhtari, ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya rufe fuska da hannu.

Ranar da aka zauna shari'a, kotun ta cika har waje, mutane suna leƙe ta taga. Da yawa sun zo ne su ga an yi abin da suka ji a tasha. Aka shigo da Lado yana dogara sanda, ƙafar ta ƙanƙance. An aika wa Alhaji Abbati sammaci, aka dawo da labarin ya tafi aikin hajji, kuma mutanen gidansa sun ce ba su san shagon da wani harsashin ciko ba. Har yau ba wanda ya san wanda ya cika shi.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya, sai an kasa kunne ake jin sa. Ya sa aka ajiye bindigar da koren kwanson da ƙwayoyin boris a gabansa. Ya tambayi Lado ko akwai wata gaba tsakaninsu, ya ce bai taɓa ganin Muhtari ba sai ranar. Sannan ya juya.

"Muhtari, ka ga mutum kahin ka harba?"

"Allah shi gafarta Malam, ban gani ba."

"Ka duba bayan kurmin?"

"Ban duba ba."

"Ka san abin da ke cikin wanga harsashi?"

Muhtari ya juyo kunnen hagu kamar bai ji ba. Na san ya ji.

"An ce mani gero ne. Amma na yi shakka."

Kotun ta ɗauki guna-guni, sai da aka tsawatar.

"Ka yi shakka, kuma ka harba."

"Na harba."

Nan Tambari ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba. Ya ce an ji da bakinsa. Ya ce an ce musu shari'ar Allah ta zo, wanda ya cire ido a cire nasa, to ga ƙafar yayansa nan kowa ya gani. A ba shi bindigar, a tsayar da Muhtari, shi ma ya ji yadda ake ji.

Muhtari ya ɗago ya dube shi. Shi kaɗai da Lado suka san cewa wannan yatsa ya riga ya ja kunama a kansa sau biyu, kuma da gangan. Da ya faɗa a wurin, da zancen ya canja. Suka haɗa ido, Tambari ya yi shiru a tsakiyar magana, yana jira. Muhtari ya mayar da kansa ƙasa. Alƙali ya tambaye shi ko yana da abin ƙarawa, ya ce babu.

Alƙali ya yi bayani a hankali. Ya ce babu ƙisasi, domin ba mutum Muhtari ya nufa ba. Amma akwai sakaci, kuma ya amsa shi da bakinsa. Saboda haka jinya a kansa take, da diyyar raunin, kuma bindiga za ta zauna hannun hukuma sai an ga hali. Sannan ya tambayi Lado ko yana da magana, tunda haƙƙin nasa ne.

Lado ya gyara zama da ƙyar. Ya ce shi ba ya buƙatar ƙafar kowa, tasa yake so kuma ba za ta dawo ba. Ya ce bana ba zai iya bin shanu kudu ba, kuma shanu ba su san jinya ba, kullum sai sun ci sun sha. In Muhtari yana da gona da kara da harawa da rijiya, ya ba shi wurin zama, ya shayar masa da shanun da za a bar masa har ruwa ya sauka. Haka kuma duk ranin da ya kasa tafiya. In ya yi wannan, ya yafe sauran.

Alƙali ya tambayi Muhtari, ya ce ya yarda. Tambari ya fice kafin a shafa fatiha. 'Yan kallo ma suka watse, wasu suna cewa ashe shi ke nan.

Ba shi ke nan ba ne ga Muhtari. Lado da Asta suka kafa bukka a gonarsa ta bayan gari. Bazarar shekarar ta yi zafi, rijiya ta yi nisa. Kullum da sassafe yana bakin rijiya yana jan guga, shanu suna shanyewa kafin ya sake cika kwami. Tafin hannunsa ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Harawar da ya tara wa tumakinsa ta ƙare, ya sayar da tumakin ya sayi dusa. Wasu maƙwabta suka yi ta ƙorafi cewa ya kawo musu shanu kusa da rijiyar gari, har sai da mai gari ya sa baki. Shi da Lado ba su cika hira ba. Za ka gan su da yamma zaune a inuwa ɗaya, wannan yana tufka igiya, wancan yana kallon shanu. Matan ne suka saba, har Asta ce ta riƙa kawo wa jaririyar Yalwa madara.

Rani uku Lado ya yi a gonar. An mayar wa Muhtari bindigarsa a shekara ta biyu, ya kuma koma daji, amma ba kamar da ba. Bai sake taɓa harsashin ciko ba. Idan babu gero na kamfani, sai ya bar zabi su yi ta kukansu. Kuma ba ya harbi ƙasa-ƙasa cikin kurmi sai ya zagaya ya ga bayansa, abin da sau da yawa yake sa naman ya tsere. Ya fi dawowa hannu wofi fiye da da. Sauran maharba suna yi masa dariya, bai taɓa tanka musu ba.

Da ƙafar Lado ta yi ƙwari, suka tashi suka bi 'yan'uwansu kudu. Yana ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Shekaru bayan haka labari ya zo mana cewa ya rasu, ciwon ciki ne ba ƙafar ba. Muhtari ya ce sai ya je gaisuwa, muka yi tafiyar yini guda a mota muna tambaya har muka sami rugar. Tambari ne ya fito, gemunsa ya yi fari. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Muhtari ya yi addu'a, ya amsa da amin. Bai tambayi mutanen gida ba, bai kuma raka mu ba.

Yanzu Muhtari ya tsufa. Dajin nan ba ya shiguwa ga kowa, bindigar ma ya daɗe da miƙa ta ga hukuma. Sun dawo Shinkafi da zama shi da Yalwa, a gidan ɗansu Mubashir. Ranar kasuwa yana kasa harawa da dusa a bakin kara, wurin masu dabbobi. Idan ka je saye, ka tsaya ta hagunsa, kuma kada ka yi gaggawa, domin sai ya kwance kowane dami ya nuna maka cikinsa kafin ya yarda ka ɗauka.